Hankicin da Na Wanke

Ina da wani ɗan ciwo da ban taɓa kai wa likita ba: in aka yabi mutum a gabana, tari ke kama ni. Ba kowane mutum ba dai. In mamaci ne ko baƙo, lafiya ƙalau nake, har in ƙara nawa yabon a kai. Amma da zarar an ce Fotis, mijin yayata Argiro, ya iya kaza ko ya kyauta a kaza, sai maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Argiro ta ce tun ranar bikinta nake wannan tarin.

Fotis mahauci ne. Mutumin kirki ne kuma, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Da mugu ne da tuni na huta.

Babanmu Anestis shi ke jan layin rawar tsamiko a garinmu Konitsa tun kafin a haife ni. Kowa ya san yadda rawar take: maza su jeru hannu cikin hannu, amma na gaba ne kaɗai ke rawar gaske. Tsakaninsa da na biyu ba hannu ake riƙewa ba, hankici ne, a murɗe shi, kowa ya kama baki ɗaya. Na gaba ya yi tsalle, ya doki takalminsa da tafin hannu, ya juya ta ƙarƙashin hankicin, a ƙarshe ya kwanta da baya har ƙeyarsa ta kusa shafar ƙasa, duk nauyinsa a kan ɗan ƙyallen nan. Na biyu kuwa ba rawa yake ba, tsayawa yake kamar turke, hannu a sama. Babu mai tafa masa. Amma na gaba ne da kansa ke zaɓensa, kuma gari duka ya san abin da zaɓen ke nufi: ga wanda na yarda in faɗa a hannunsa.

Da can ƙanin Baba ne ke riƙe masa. Da ya rasu, na ɗauka abin ya zo kaina, ni ne ɗa namiji ɗaya tilo. A bikin farko da aka yi bayan rasuwar, har na goge tafin hannuna a wando na matso. Baba ya zaro hankicin, ya wuce ni kamar ya wuce bishiya, ya miƙa wa Fotis. Tun daga ranar Fotis ke riƙewa, ni kuma ina shagona ina sayar da fenti, ina gaya wa mutane rawa ba ta dame ni ba.

Bana ƙungiyar rawar tsofaffin garinmu ta sami gayyata zuwa wani ƙaramin gari kusa da Lecce, a Italiya, inda ake bikin raye-rayen dattawa. Baba ya haura tamanin, likita kuma ya daɗe yana yi masa faɗa a kan gwiwa. Ranar Lahadi muna cin abinci, ya ajiye cokali ya ce, “Wannan ce ta ƙarshe. In mun dawo na sauka daga gaba, in koma ƙarshen layi wurin masu sanda.”

Argiro ta fara share ido. Fotis ya dafa kafaɗar Baba. Ni kuwa lissafi ɗaya na yi: saura rawa ɗaya, kuma ita ma ba tawa ba ce.

Fotis ya cika sittin, saboda haka cikakken ɗan ƙungiya ne. Ni ban kai ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na yi baƙin cikin ƙarancin shekaru. Na je wurin Kira Evanthia, shugabar ƙungiyar, tsohuwar ungozoma wadda ita ta karɓi haihuwata, kuma har yau take yi mini magana kamar ban sa wando ba tukuna.

Ta ce, “Kai da ba ka rawa, me za ka je yi, Lefteri?”

Na ce, “In kula da Baba.”

“Yana da Fotis.”

Na yi tari.

Ta ce, “Ka iya guga?”

Haka na shiga tafiyar, a matsayin mai kula da kaya. Fararen siket ɗin da mazanmu ke sawa a rawa, kowane yana da ninki ɗaruruwa, kuma kowane ninki sai an bi shi da dutsen guga. Ba wanda ya yi takara da ni a kan muƙamin.

Mota ta kai mu Igoumenitsa, muka shiga jirgin ruwa. Da safe tsofaffin suka baje a saman jirgin, kowa ya buɗe ƙullinsa: burodin cuku, zaitun, dafaffen ƙwai, kamar an ce musu babu abinci a Italiya. Ina zaune a kan akwatin kaya ina kallon Baba yana ɓare lemo da wuƙarsa. Ya raba shi biyu, ya miƙa rabi ga Fotis.

“Ungo, ɗana.”

Ɗana. Ni kuwa in zai kira ni, “kai” ne, ko “mai fenti”.

Fotis ya sake raba rabinsa biyu, ya taso har inda nake ya miƙo mini. “Ƙanena, ci, fuskarka ta yi wani iri. Ruwan ne?”

Na ce, “Ruwan ne.”

Wata tsohuwa daga gefe ta ce, “Wannan fuskar tun a mota yake da ita.”

Na cinye lemon. Yana da zaƙi, wannan ma ya ba ni haushi.

A otal aka ba ni wani ɗan ɗaki kusa da kicin, da tebur da dutsen guga. Da la'asar sauran suka fita ganin gari, ni na tsaya da siket-siket. Ina kakkaɓe 'yar falmaran ɗin Baba sai hankicin ya faɗo daga aljihu.

Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba sai ranar. Na alharini ne, fari ne a da, yanzu ya koma launin shayin da aka yi wa ruwa da yawa. Ya yi kauri, yana ɗan manne wa yatsa. Ko Mama, Allah ya jiƙanta, wadda ke wanke labule don nishaɗi, ba ta taɓa sa shi a ruwa ba, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Na shinshina baki ɗaya: taba da gumin Baba. Na shinshina ɗaya bakin: kitsen rago. Shekara da shekaru na hannun mahauci sun shige cikin zaren, har wurin ya yi duhu, ya ɗauki siffar yatsunsa.

Na ce wa kaina ba za mu nuna wa mutanen Italiya wannan tsumman ba. Mutuncin gari ne. Da wannan hujjar na kai shi famfo, na cuɗa shi da sabulun otal, na fi ba ɓangaren Fotis ƙarfi. Na ɗauraye, na sa sitaci, na goge. Ya fito fari fat, yana ƙyalli, yana sulɓi kamar bayan kifi. In aka tambaye ni ko na san abin da zai biyo baya, zan ce ban sani ba. In aka matsa mini, zan ce ban tsaya na sani ba.

Washegari da hantsi aka yi gwaji a tsakar gidan otal ɗin. Maza suka jeru. Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro hankicin, ya tsaya. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ni kuma a daidai lokacin wata bishiyar lemun tsami ta ɗauke mini hankali ƙwarai.

Mai algaita ya fara busa. Baba ya taka a hankali, ya ɗaga ƙafa, ya juya. Ko a gwaji, in yana rawa ba ka ganin tsufansa. Da ya zo kwanciyar baya, ya saki jiki yadda ya saba, sai hankicin ya sulale daga hannun Fotis, suuu, Baba ya zauna daɓas a ƙasa.

Algaita ta tsaya. Mata suka yi salati irin namu, suna kiran Budurwa Maryamu. Fotis, ƙaton mutum, ya durƙusa kusa da shi. “Baba, ka ji ciwo? Na rantse na riƙe, ban san yadda aka yi ba.”

Zan so in ce tsoro ne abin da ya fara zuwa mini. Tsoron ya zo, amma shi ne na biyu.

Baba ya ture hannuwan da aka miƙo masa, ya tashi da kansa, yana kakkaɓe baya. Kira Evanthia ta ɗauki hankicin daga ƙasa da yatsu biyu, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

“Wane mai tsabtar ne ya yi mana wannan aikin?”

Mutum ɗaya ne ke da sabulu da dutsen guga a duk tafiyar. Duk suka juyo.

Na ce, “Dattin ya yi yawa.”

Ta ce, “Dattin! Dattin nan shi ke riƙe ubanka shekara da shekaru, sakarai. Da na san haka za ka zama, da ranar da na ciro ka na mayar.”

Argiro ta dube ni. Kallon da ta yi mini shi ne wanda take yi mini tun muna yara, in na fasa abu na ce kyanwa ce.

Wani ya ce a nemo wani hankicin. Wani ya ce a shafa masa man zaitun, wani ya ce ai mai ne zai ƙara santsin, suka kama gardama. Baba ya karɓi abinsa, ya ninke.

“Da shi na fara, da shi zan gama.” Sai ya nuna ni da haɓa. “Shi ya wanke, shi zai riƙe.”

Tsakar gidan ta ɓarke da surutu.

“Anesti, ka haukace? Hannun nan burushin fenti kawai ya saba ɗauka!”

“A ƙasar mutane za ka fasa kai?”

“Ka bar wa surukinka, ba laifinsa ba ne.”

Baba ya ce, “Na faɗa.”

Yanzu in na zauna na tuna, na san maganar tana da kashi biyu, kuma kashin farko ba yabo ba ne. Amma a ranar kunnena na biyun kawai ya ɗauka. Shi zai riƙe. Na yi ta maimaita shi a zuci har lokacin abincin rana, na ci taliya kwano biyu.

Na so a ce Fotis ya yi fushi. Na shirya wa fushin, har na tanadi amsoshi. Sai ga shi bayan abinci ya leƙo ɗakin gugata da tawul a hannu.

“Ƙanena, taso in nuna maka.”

“Na sha gani ai.”

“Gani daban. Taso.”

Ya murɗe tawul ɗin, ya nannaɗe bakin a yatsuna biyu, ya rufe da babban yatsa. Ya gyara mini tsayuwa da ƙafarsa, kamar yana gyara tsayuwar tinkiya a kan sikeli. “Kada ka kalli ƙafarsa, za ta ruɗe ka. Ka saurari ƙyallen. Kafin ya kwanta yana ɗan ja sau ɗaya, ƙarami, wannan sallama ce. In ka ji, ka kafe. Kuma kada ka ja shi sama, ya tsani a ja shi. Shi zai taso da kansa, kai dai ka kasance a wurin.”

Na ce, “Ubana ne fa.”

“Na sani. Shi ya sa nake gaya maka.”

“Ba ka ji haushi ba?”

Ya sosa ƙeya. “Na ji mana. Amma kafaɗar nan ta daɗe tana damuna, ban dai faɗa ba. Tsohon nan ya fi yadda kake gani nauyi.”

Ka ji irin halin mutumin. Na ƙwace masa abu, ya mayar da shi kamar taimako na yi masa. Ya kama ɗaya bakin tawul ɗin ya ɗan jingina da baya don in gwada, na tafi luuu sai da tebur ya tare ni. Ya ce ba laifi, Baba bai kai shi nauyi ba. Muka sake. Muka kuma sakewa. A karo na ƙarshe na tsaya, ko da yake ina zargin bai saki jiki duka ba.

Argiro ta karɓo hankicin wurin Baba ta cuɗa shi da ƙasar tukunyar fure don ta kashe sitacin. Ya yi datti, amma santsin na nan.

Da yamma, rana na shirin faɗuwa, aka taru a dandalin garin, gaban coci. An kafa dandamali na katako. Tsofaffin garin suka fara, mata da maza suna juyi da ƙananan ganguna masu kacau-kacau. Bayansu wasu daga Poland, cikin jajayen takalma. Ni ban ga komai sosai ba. An sa mini siket ɗin wani dattijo da ciwon ciki ya kwantar, siket ɗin da ni na goge shi da hannuna, aka ɗaure mini ƙatuwar ɗamarar fata a ciki har numfashi na yi mini wuya. Tafin hannuna yana ta zufa, ina gogewa, yana dawowa.

A bakin matakala Baba ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya gyara mini hula.

“In ka sake ni, kada ka biyo mu jirgi. Ka nemi aiki a nan.”

“To, Baba.”

Ya miƙo mini bakin hankicin. Rabin rayuwata nake jiran wannan miƙowar, kuma da ta zo bai ko kalle ni ba, yana kallon mai algaita.

Muka hau. Baba a gaba, ni na biyu, Fotis na uku, hannuna na hagu a cikin nasa na dama, sauran dattawan a bayansa. Algaita ta ɗauka a hankali, da irin kukan nan nata da ke sa tsofaffinmu su miƙe wuya. Baba ya taka. Na ji shi ta cikin ƙyallen, kamar yadda Fotis ya ce: kowane taku yana zuwa yatsuna kafin in gan shi. Ya ɗaga ƙafa ya doki takalmi, mutane suka yi ihu. Ya juya ta ƙarƙashin hannuna, siket ɗinsa ya buɗe kamar laima. Ya sake juyawa. Na ji ƙyallen ya ɗan zame a yatsana, kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa.

Sai ga sallamar. Ja ɗaya, ƙarami.

Na san hannu ɗaya ba zai yi ba. Na fizge hannuna na hagu daga na Fotis, kuma ba zan ɓoye ba, ko a cikin wannan firgicin fizgewar ta yi mini daɗi. Na damƙe hankicin da hannu biyu. Baba ya tafi da baya.

Ban san haka yake da nauyi ba. Mutumin da wandonsa ke zamewa in bai sa bel ba, sai na ji kamar an rataya mini buhun siminti. Hannuwana suka miƙe, kafaɗuna suka yi ƙara. Yana ta sauka, yana sauka, gwiwoyinsa a lanƙwashe, hannunsa ɗaya a buɗe, har jelar hularsa ta kwanta a kan katako. Mai algaita ya riƙe sauti ɗaya ya ƙi saki. Baba ma ya ƙi tashi. Yana kwance a iska, idonsa a sama, yana murmushi, kamar wanda ya sami inuwa. Na ce a raina, tsohon nan da gangan yake yi. Na ce, Allah, in ka fitar da ni yau, ba zan ƙara wanke ko safa ba. Zaren yana cin yatsuna, amma ban motsa ba. Ni kaina na yi mamakin yadda na kafu, kamar an dasa ni.

Sannan ya taso, a hankali, da kansa, ya dire ƙafa a ƙasa daidai da bugun ƙarshe.

Dandalin ya ɗauka. Italiyawa suna ihu, matanmu suna kuka, Kira Evanthia tana dukan kafaɗar wani baƙo da ba ta sani ba. Baba yana haki, ya kamo ƙeyata da hannunsa mai zafi, ya jijjiga ni.

“Ashe da ƙarfinka, ɗana.”

Ban san yadda na sauko daga dandamalin ba.

A wurin cin abinci na ba da labarin sau da yawa, har ga mutanen Poland da ba sa jin ko kalma ɗaya. Na nuna musu shatin zaren a yatsuna. Na bayyana cewa abin ba ƙarfin damtse ba ne, jini ne. Akwai abin da ɗa ke ji ta cikin ƙyalle wanda bare ba zai taɓa ji ba, komai daɗewarsa a gida. Fotis yana gefe yana gyaɗa kai, yana cika mini kofi.

A jirgin komawa zuciyata ta yi faɗi har na sayo masa gahawa da kaina. Na zauna kusa da shi, na dafa kafaɗar da ya ce tana ciwo. Na ce masa kada ya sa abin a ransa, ya yi iya ƙoƙarinsa shekaru da yawa, kuma iyali ba za su manta ba. Ya ce ya gode. Baba yana can gefe yana barci a kujera, hula a kan fuska, bakin hankicin ya leƙo daga aljihunsa.

Argiro ta zo ta zauna a ɗaya gefena da wayarta. Ta ce matar mai otal ta turo mata bidiyon rawar, ta ɗauka daga bayan dandamali, ko ina son gani. Na ce a kawo, a ƙara sauti ma.

Ga Baba yana juyi. Ga ni, ta baya, siket ɗin ya ɗan yi mini gajere. Ga inda na fizge hannuna. Tun daga nan har Baba ya miƙe, hannun Fotis na dama yana cikin ɗamarata ta baya, ya kafe dugadugansa a katako, ya jingina kamar mai jan sa zuwa mayanka. Ƙafata ta hagu ko ƙasa ba ta taɓawa.